Hotunan Sarakuna na Bugun Faranti: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi yawo a bakin dillalan kayan tarihi na Marwa da Garwa da Njamena, da ɗalibai masu nazarin tarihi, da maƙeran fari da ake kawo wa aikin hoton Lamiɗo, da kuma waɗanda suka tsinci tsohon littafi ko liyari a cikin kayan gado.

Mene ne hoton bugun faranti, kuma me ya raba shi da zanen hannu?

Hoto ne da aka fara yankawa a jikin farantin jan ƙarfe, sannan aka buga shi a takarda. Dillalai sun fi kiransa da sunansa na Faransanci, gravure. Mai aikin zai ƙwarzane layuka a farantin, ya shafe shi da tawada mai kauri, ya goge saman tas har tawadar ta rage a cikin ramukan layin kaɗai. Sai ya ɗora takarda mai laima, ya tura su tsakanin naɗi biyu na injin matsi. Matsin ne ke tura takardar cikin ramukan ta kwaso tawadar.

Zanen hannu guda ɗaya ne, yana rataye a fada, 'yan ƙalilan ke ganinsa. Faranti kuwa yana haifar da ɗaruruwan hotuna. Kafin zuwan kyamara, ta wannan hanya ce talakan Turai ya san kamannin sarkinsa, shi ya sa sarakunan suka sa ido sosai a kan abin da ake bugawa.

Ta yaya layi kaɗai ke nuna fata da karammiski da sulke?

Kayan aikin ɗan sandan ƙarfe ne mai kaifin baki da mariƙin katako mai zama a tafin hannu. Turawa ake yi da shi gaba, kuma idan za a yi lanƙwasa, farantin ake juyawa a kan 'yar matashiyar fata, hannun yana nan inda yake. Ka danna, layin ya yi zurfi da faɗi, ya sha tawada da yawa. Ka sassauta, ya sirance har ya ƙare da tsini. Wannan kumburi da sirancewar layi ɗaya shi ne asirin sana'ar.

Ɗauki gilashin ƙara girma ka dubi kuncin sarkin. Za ka ga gajerun layuka da ɗigo-ɗigo masu bin zagayen ƙashin fuska, suna raguwa har su bar farar takarda a kan goshi da ƙarshen hanci, inda haske ya sauka. Sauko kan sulke: dogayen layuka miƙaƙƙu a jere, sai kwatsam fari fat kusa da baƙi wuluk, abin da ke sa ido ya ce ƙarfe ne. A kan karammiski layuka ne suka haye juna sau biyu ko uku suka yi duhu mai taushi. Gashin dabba kuwa gajerun layuka ne masu karkata kowane ɓangare. Aikin ya yi kama da na mai ɗinkin aska a babbar riga, wanda zarensa ɗaya ne amma yawansa da inda ya nufa ke fitar da fasali.

Duk hotunan nan da hanya ɗaya aka yi su?

A'a. Akwai wanda asid ke ci: a shafe faranti da kaki, a zana da allura, a tsoma a asid ya cinye inda allurar ta buɗe. Layinsa yana da sakewa kamar na alƙalami, kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Masu sana'a da yawa sukan haɗa biyun, su yi bango da tufafi da asid, su bar fuska ga kaifin ƙarfe.

Akwai kuma wanda ake fara shi daga duhu. A kakkarce farantin gaba ɗaya har ya zama da za a buga shi haka, baƙi ƙirin zai fito, sannan a riƙa goge wuraren da ake son haske. Wani Bajamushe, Ludwig von Siegen, ya ƙirƙiro shi a 1642, kuma hotonsa na farko na wata basarakiya ce, Amalie Elisabeth ta Hesse-Kassel. Ba za ka ga layi a irin wannan ba, sai inuwa mai laushi. Hotunan tsofaffin jaridun Faransa kuma mafi yawansu a katako aka yanka su, inda tawada ke zama a saman da aka bari maimakon cikin rami. Yadda ake rarrabe su yana ƙarƙashin tambayar asali da kwafi.

Me ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton ke nufi?

Sunayen masu aikin ne, da gajerun kalmomin Latin. Suna mai biye da pinx. shi ne wanda ya yi zanen fenti na asali, del. wanda ya zana da alƙalami, sc. ko sculp. wanda ya yanka farantin, exc. kuma wanda ya buga ya sayar. Yawanci mai zane yana hagu, mai yanka yana dama. A hotunan Faransa za ka iya ganin Avec privilège du Roi, wato da izinin sarki aka buga, wani ba shi da ikon kwaikwaya.

Kalmar da ta fi kowace amfani ita ce ad vivum, ma'ana mai aikin ya zauna gaban mutumin ya zana shi. Robert Nanteuil, wanda ya yi wa Louis na 14 hotuna da dama kafin rasuwarsa a 1678, ya yi suna da haka. Inda babu ita, ka ɗauka mai yankan kwafin aikin wani ya yi.

To fuskar da muke gani ita ce ainihin fuskar sarkin?

Da wuya. Fuskar ta bi ta hannu uku, kuma kowane hannu ya san abin da fada take so. A 1596 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila ta ba da umarnin a nemo hotunanta marasa kyau a lalata, daga nan aka ci gaba da nuna ta da fuskar da tsufa bai taɓa ba. Kan Sarauniya Victoria da ya fito a jikin kan sarkin wasiƙa na farko a duniya, a 1840, an ɗauko shi daga lambar da William Wyon ya sassaƙa tana budurwa, kuma da wannan fuskar aka ci gaba da bugawa a Ingila har ta rasu a 1901 tana da shekara 81.

Don haka wanda ya zo neman kamanni zai samu kaɗan. Abin da hoton ke faɗa da gaske shi ne yadda sarautar take so a gan ta, kuma wannan a cikin kayan da ke kewaye da sarkin yake.

Me kambi da sanda da labule da ginshiƙi ke nufi?

Hoton da ya fi dacewa a koya da shi shi ne na Louis na 14 wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, Pierre Drevet kuma ya mayar da shi faranti bayan wasu shekaru. Sarkin ya haura sittin a lokacin. Fuskar ta dattijo ce, amma ƙafafuwan na saurayi ne mai rawa, an kuma ɗage alkyabbar da gangan don a gan su. Alkyabbar shuɗiya ce cike da furen gidan sarautar Faransa, cikinta kuma an yi shi da farar fatar wata ƙaramar dabba mai baƙin ɗigo, wadda sai sarakuna da manyan masu muƙami ke sawa. A kugunsa takobin naɗin sarauta ne, wanda ake jingina wa Charlemagne, wani babban sarkin Turai na zamanin da, alamar cewa mulkin gado ne mai tsawo.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne kambin. Ba ya kansa, yana ajiye a kan matashi a gefe, tare da wata sanda mai hannun hauren giwa a samanta, alamar shari'a. Sandar mulkin ma a kife ya riƙe ta, ya dogara da ita kamar kwagiri. Saƙon shi ne shi sarki ne ko da kayan ko babu su. A ganina babu hoton sarki da ya kai wannan nuna isa, kuma ya yi ta ne ta hanyar wasa da kayan da wasu ke riƙewa da hannu biyu.

Ginshiƙi a baya yana nufin mulki mai ƙarko. Labulen da aka ja sama yana yin aikin da laima ke yi wa Lamiɗo ranar hawan salla, wato keɓe shi daga sauran jama'a. Dunƙule mai gicciye a hannu iko ne a kan duniya ƙarƙashin addinin Kirista. Sulke da gajeriyar sanda na nufin jagoran yaƙi, ganye a kai irin na sarakunan Rum na nufin nasara, jiragen ruwa da ake hangowa ta taga kuma ƙarfin teku.

Hoton baƙi da fari ne, ta yaya ake sanin launin tambarin gidan sarauta?

Da inda layin ya nufa. Layi a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, ɗigo-ɗigo zinariya, fili babu komai azurfa, tsaye da kwance a haɗe baƙi, karkatacce daga sama hagun mai kallo zuwa ƙasa dama kore. Wani limamin Katolika, Silvester Petra Sancta, ya yaɗa tsarin a 1638. Garkuwar Faransa za ka same ta da layukan kwance da furanni masu ɗigo, wato zinariya a kan shuɗi. Hoton da ya girmi wannan shekara kada ka karanta shi da tsarin.

Me ya sa wani sarkin ke rataye da takobi a dama? Kuma gaskiya ne ƙafar doki na nuna yadda sarki ya mutu?

Faranti yana juya hoto, dama ta koma hagu. Ƙwararre yakan yanka aikinsa a juye, da taimakon madubi, don ya fito daidai. Mai gaggawa kuwa yana kwafe abin da ke gabansa kai tsaye, sai takobi ya koma dama, sarki ya zama bahago. Wannan alama ce mai kyau ta cewa hoton kwafin wani hoton ne.

Maganar ƙafar doki, wai ƙafa biyu a sama ya mutu a fagen daga, ɗaya ya ji rauni, zance ne kawai. Louis na 14 a kan gadonsa ya mutu a 1715, ga kuma hotunansa bisa doki mai tsaye da ƙafafun baya. Manufar ita ce a nuna mahayin yana zaune daram, linzami a hannu ɗaya, dabba mai ƙarfi na bin umarninsa.

Akwai irin hotunan nan na sarakunan yankinmu?

Akwai, kuma mafi shahara suna cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton, matafiya 'yan Birtaniya, da aka buga a Landan a 1826. Dixon Denham ya iso Kukawa a 1823, ya bi rundunar Barka Gana, jagoran yaƙin Shehun Borno, zuwa Mora a ƙasar Mandara, daga baya ya kai Logone. Shi ya yi zanen farko, Edward Finden ya yanka farantan a Landan. A ciki akwai Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, da barden Shehu cikin sulke, da mahayin Bagirmi shi da dokinsa cikin lifidi, da isowar ayari Mora.

Ka ajiye hotuna biyu kusa da juna. A ɗaya ga Mai na Borno, na tsohon gidan Saifawa, zaune cikin wani abu kamar keji, fadawa a gabansa da manyan rawuna da riguna bisa riguna har sun yi tumbi. A ɗayan ga Shehu zaune cikin riga da rawani babu wani ado. Wanda ya karanta su da ma'aunin Turai zai ce mai kayan shi ne mai iko, alhali a wannan lokaci mulki yana hannun Shehu. Sauƙin shigarsa alama ce mai zaman kanta, ta malami wanda ikonsa daga ilimi da runduna ya fito. Ɓoyewar Mai ɗin ma tsohuwar al'adar sarauta ce a ƙasar Borno, inda kwarjini ke zuwa daga rashin ganin sarki, akasin Turai inda yake zuwa daga yawan ganinsa.

Sai dai a tuna Finden bai taɓa taka ƙasar nan ba. Abin da zanen Denham bai fayyace ba, da hannunsa na Landan ya cike: siffar doki, naɗin tufa, yanayin fuska. Kayan yaƙi sun fi zama abin dogaro, domin matafiyan sun koma da wasu. Akwai kuma hoton da manufarsa ƙasƙantarwa ce, irin na yankakken kan Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi, da jaridun Faransa suka yaɗa bayan an kashe shi a yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900.

Liyarin da muka gada mai hoton mace da shekarar 1780, tsohonsa ya kai haka?

Ba lallai ba. Matar da ke jikinsa ita ce Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwa daga Bahar Maliya har Wadai da Borno sun amince da wannan kuɗi sun ƙi wani, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ba canji, a Biyana (babban birnin Ostiriya) da Landan da Faris da Rum da Bombay. Har yau ana buga shi a Biyana. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗori, azurfarsa kashi 833 cikin 1000.

Shi ma aikin yanka ne, a jikin hatimin ƙarfe da ake buga azurfar da shi. Mayafin kanta na takaba ne, mijinta ya rasu a 1765. A kafaɗarta akwai maƙalli mai zagaye da lu'ulu'u, kuma 'yan kasuwa kan shafa shi da babban yatsa: idan ƙwayoyin sun shafe, kuɗin ya goge, a rage masa daraja ko a ƙi shi. Haruffan S.F. a ƙarƙashinta na jami'ai biyu ne na gidan buga kuɗin Günzburg. Gaggafa mai kai biyu a baya tambarin daularsu ce, ita ta sa Larabawa ke ce masa abu tera, wato mai tsuntsu. An yi rubutu a bakin kuɗin don kada a kankare azurfa a ɓoye.

Me ya sa a kuɗi da kan sarki fuskar takan kalli gefe?

Gado ne daga kuɗin Rum, kuma gefen fuska ya fi fita a ƙarfe marar tudu sosai, ya fi jure goguwa. A Ingila kowane sabon sarki yakan kalli akasin wanda ya gada: Elizabeth ta Biyu dama, Charles na Uku hagu. A takardun kuɗi kuma ana son hoton yankan hannu ne saboda wuyar kwaikwaya. Shafa sabuwar takardar sefa da yatsa za ka ji tudun tawada, bugun faranti ke nan.

Ya halatta a ajiye irin hoton nan a gida?

Malamai sun saɓa. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan siffar mai rai cikakkiya mai jiki da inuwa, shimfiɗaɗɗen hoto kuwa makaruhi ne, wasu malamai kuma sun tsananta a kan duka biyun. Tambayar tsohuwa ce. Da Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar kyautar Sarki Wilhelm na Furusiya a Kukawa a 1870, har da manyan hotunan sarkin da matarsa da yarima, ya ba da labarin cewa hankalin Shehu ya kwanta da ya ga a shimfiɗe suke ba su da inuwa. Don hukuncin abin da ke hannunka, ka je wa malaminka.

Ta yaya zan gane na asali daga kwafi?

Fara da yatsa. Bugun faranti yana barin shatar gefen farantin a takarda, ɗan rami mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, kuma layuka masu duhu suna da ɗan tudu. Bugun katako da na dutse ba su da shatar, a littattafai ma wani lokaci an yanke ta, don haka rashinta kaɗai ba hujja ba ne. Sai gilashi: layin asali yana tafiya ba yankewa, na kwafin zamani kuwa yana wargajewa zuwa ƙananan ɗigo a jere, ko feshin launuka.

Ɗaga takardar ga haske. Tsohuwar takardar hannu tana da siraran layuka a jikinta da tambarin ruwa, kamar takarda mai wata uku da malamanmu suka rubuta littattafai a kai. Takarda mai santsi marar layi ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757. Ka kuma sani faranti yana tsufa: bugun farko yana da kaifi, na baya ya kan yi fari-fari, siraran layukan fuska su ɓace. Game da kuɗi, kada a sa rai da yawa, domin shafin da aka cire daga littafi ba ya kai darajar cikakken littafin. Raba su asara ce.

An kawo mini aikin hoton Lamiɗo a farantin tagulla. Me zan kula da shi?

Nemi izinin fada tukuna, ka kuma karɓi hoton da su suka yarda da shi. Kada ka aro kayan Turai, kambi ko labule ba su da ma'ana a nan. Namu su ne naɗin rawani, amawali, alkyabba, sanda, takobi, laima, kakaki, kuma kowace fada da nata tsari; na Ngaundere dabam da na Rai Buba, na Sultan a Kusuri ko Abeshe dabam. Idan a fadar sarki ba ya buɗe baki a bainar jama'a, kada ka buɗe masa a tagulla. Tambayi wani dattijon bafada ya duba zanen kafin ka taɓa ƙarfe, domin kuskuren rawani ya fi na hanci saurin jawo magana.

Ta fuskar aiki, bi abin da aka faɗa a tambayar layi: layin fuska siriri mai bin zagaye, na alkyabba mai zurfi. Farantin da za a rataye a kalla ba a juya shi, wanda za a buga da shi ne ake yankawa a juye, har da rubutun.

Yaya zan adana shi a yanayinmu?

Maƙiyansa gara, laimar damina, rana da ƙurar hunturu. Ajiye shi a kwance tsakanin fararen takardu masu tsabta, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa, musamman a watan Agusta. Idan za a sa a firam, a raba takardar da gilashin da ɗan kwali, a rataye a bangon da rana ba ta bugu. Kada a manna salatif, kada a kai shi a like da roba, domin ba ya ɓaruwa kuma. Jajayen ɗigon tsufa a bar su, wanki da sabulu ko bilic yana cinye takardar. Liyari ma kada a goge shi da toka ko yashi, ƙyalle mai laushi ya isa.